Baƙon da Ya Zo da Hoton Kaka

Ina shanya a tsakar gidanmu na Sabon Gari aka yi sallama, sai ga wani Bature, Bafaranshe, da mai yi masa tafinta. Ya ciro wani tsohon hoto: kakansa, wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa a zamanin mulkin mallaka, tsaye kusa da kakanmu a bakin mangaza, wato ɗakin ajiyar gyaɗa. Ya ce a gidansu kullum ana faɗin abokai ne.

Muka kai shi wurin Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga lokacin. Ta daɗe tana duban hoton.

"Na gane shi," ta ce. "Yana son fura."

Ta sa aka kawo wa baƙon ruwa. Sai da ya fita duba tsohuwar mangazar ta jawo ni kusa.

"Ɗiyata, wannan Baturen da ke cikin hoton yakan zo ya zauna a zaure, yana tambayar lafiyar kowa. A lokacin Ingilishi na can Katsina sun fi biya da kyau, mutane na tsallakawa da gyaɗa a kan jakuna. Faransa ba su so. Duk zuwan da ya yi, ba a jimawa sai gardawan kumandan, dogaran Baturen mulki, su tare wani a hanya. Mutanen Tsibiri suka ce Baba, kakanku, shi ke kai rahoto. Har ya rasu wasu ba sa gaishe shi."

"To, shi ne, Gwaggo?"

"Ban sani ba. Baba mutum ne mai son hira. Wataƙila shi ma bai sani ba."

Da Baturen ya dawo, Gwaggo ta ce wa tafinta ya tambaye shi aikinsa. Ya yi dariya, ya ce kamfaninsu riɗi yake saye, amma wannan tafiya ta zumunci ce. Can cikin hira ya tambayi yayana da ke zaune tare da mu ko gaskiya ne 'yan Sin sun riga sun shiga wajen manoman Jiratawa.

Yayana ya buɗe baki, Gwaggo ta yi gyaran murya.

"Mu ba ma noma," ta ce.

Gonarmu kuwa tana Jiratawa. Baturen ya bar mana hoton, ya yi godiya sosai. Har yau ban san ko mun zalunce shi ba, amma ban kira lambar wayar da ya ba ni ba.