Mufarriju Mai Hura Wutar Gidan Wanka

Na yi shekaru ina aski a gidan wankan unguwarmu a birnin Kurɗuba, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai cikin sanyin murya irin Mufarriju ba. Shi ke hura wutar da ke ɗumama ruwan. Kullum yana can ƙasa gaban murhu, gemunsa duk toka. Karatunsa bai wuce na ƙuruciya ba, amma in sunan Allah ne, ko daga nesa zai gane shi. In ya tsinci takarda a hanya sai ya duba. In da sunan a ciki, ya sumbace ta, ya cusa a ramin bango, kamar yadda iyayenmu suka koya mana.

A shekarar da malamai suka tashi haiƙan kan masu falsafa, wai suna auna Ubangiji da hankalinsu, aka ba da umarnin ƙone littattafansu. Wani dogarin alƙali mai son jiki ya ga ai ga wuta a gidan wankanmu, me zai kai shi tara itace? Ya sauke wa Mufarriju buhunan littattafan, ya ce kafin Juma'a su zama toka.

Mufarriju ya buɗe na farko, ya ci karo da Bisimilla. Ya aro askata ya yanke ta. Ya juya shafi, ga sunan kuma. Ya sake juyawa, ga shi har wuri uku. Sai ya jawo kwando ya zauna, yana yankowa yana tarawa.

Ruwa ya huce. Masu wanka suka fara fitowa suna rawar ɗari suna zage-zage. Na sauka na same shi.

"Kai tsoho, ka haukace ne? Littattafan kafirai fa aka ce!"

"To wanzam, in na kafirai ne, me sunan Allah ke yi a ciki?"

"Ina ruwanka? Jefa kawai, alhakin na wuyan alƙali."

"Hannun alƙali ne zai jefa, ko nawa?"

Haushi ya kama ni, don na san yana da mata da 'ya'ya, kuma ba shi da wata sana'a. Ranar Alhamis ko rabin buhu ɗaya bai gama ba, kwando kuwa ya cika. Hudailu mai gidan wankan ya sauko da kansa. Ba mugu ba ne, tsoron alƙali ne ya cika masa ciki.

"Baba Mufarriju, don girman Allah ka rufa mini asiri. Ko ka zuba su yanzu, ko in nemo wanda zai zuba."

Mufarriju ya dubi wutar da ya yi rabin rayuwarsa yana hurawa. Na ji tausayinsa ƙwarai, har na kasa ɗaga ido.

"Maigida, ban san abin da suke faɗi a ciki ba, wallahi ban gane ko layi ɗaya ba. Amma duk wanda ya rubuta wannan, ba ya iya layi uku bai ambaci Allah ba. Ni da nake sahun gaba ban ambatonSa haka."

Ya ɗauki kwandonsa ya hau matakala. Wani aka kawo ya ƙone sauran. Shi kuwa ya kai kwandon maƙabarta ya binne, ya koma ga-ruwa da tsufansa, yana jan ƙafa daga kogi zuwa kasuwa har ya rasu.