Ceɗiyar da Ta Shiga Bututu

A wani shagon kayan famfo kusa da Ƙofar Mazugal, wata dattijuwa tana tsaye, ta ƙi zama a bencin da aka turo mata. Siririya ce, lallen hannunta ya koɗe, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta kwance bakin mayafinta a hankali, ta ajiye wata saiwa mai gashi-gashi a kan tebur, kamar wadda ta kawo mara lafiya wurin likita.

"Ga abin da mai gyara ya zaro daga bututun bayinmu," in ji ta. "Ceɗiyar tsakar gida ce. 'Ya'yana sun ce in ya sake toshewa, sai gatari."

Mai shagon ya ɗauko wata roba cike da magani shuɗi, mai kama da gishiri. "Wannan za a riƙa zubawa a masai, Hajiya, a kora da ruwa. Saiwar da ta shigo ita ce za ta mutu."

"Ita kuma uwar fa?"

"In dai ba a cika ba, lafiyarta ƙalau."

Ta yi ta jujjuya robar. Wataƙila a inuwar ceɗiyar nan ta yi dakan farko tana amarya, a nan ta goyi waɗanda yau suke son sare ta. Wataƙila wanda ya dasa ta ya daɗe da rasuwa.

Can ta tura robar cikin mayafi, ta ɗaure tam.

"In ɗana Zaharaddeen ya zo, kada ka ce masa na saya. Ni zan zuba da kaina. Yaran nan hannunsu da nauyi."