Sunansa Ya Fito

Da za a ba ni damar janye magana ɗaya daga cikin duk abin da bakina ya furta, da na janye wadda na yi a ƙofar masallacin Juma'a, ranar da na shaida wa jama'a cewa an ɗauke wa ɗana nauyin karatunsa. Ban yi ta da nufin ƙarya ba. Sai dai ban bincika ba, alhali wanda ya fi kowa sanin gaskiyar lamarin yana tsaye a bayana.

Ɗan farina ne. A ƙauyenmu, gefen Farin Dutse a ƙasar Gwaram, mu mutane ne da ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zaman hira da shi. In zan aike shi sai in ce "kai", in zan yi zancensa sai in ce "yaron nan". Uwarsa ta ma fi ni kawaici. Saboda haka duk abin da yake so ya iso kunnena sai ya bi ta wurin goggonsa, wato yayata, wadda ta yaye shi. Haka muka tarar, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Ni iyakata firamare, sai allo. Shi kuwa Allah ya buɗa masa, ya gama jami'a a fannin noma, ya samu koyarwa ta wucin gadi a wata sakandare a Birnin Kudu, albashin ko cefane ba ya isa. Daga baya aka ba shi gurbin digiri na biyu, zai yi nazari a kan ƙasar noma. Ina da ƙane a Birnin Kudun, mai sayen riɗi, wanda ya riga ni zuwa Makka kuma ya fi ni abin hannu. Da ya ji labari ya zo har gida.

"Yaya, wannan ka bar mini," in ji shi. "Akwai bijimin da nake turkewa. In Babbar Sallah ta matso zan sayar, kuɗinsa na karatun yaron ne."

Na yi godiya, amma raina bai so ba. Shi ya ɗauki rabin nauyin digirin farko, har mutane suna ce wa yaron ɗan Alhaji. Ba wanda ya faɗa don ya ci mini fuska, amma ina ji.

Ana nan wata safiya ina gyaran garma sai ga yayata ta shigo, mayafi na jan ƙasa.

"Albishirinka!"

"Goro."

"Fari ko ja?"

"Yaya, faɗi mana, rana na yi."

"Sunan ɗanka ya fito!"

"Ɗanki dai. Ya fito a ina?"

Ta ce wata gidauniya ce ta masu hali da ke biya wa ɗalibai kuɗin karatu mai zurfi, yaron ya nema, ga shi sunansa ya fito. Abin da ya gaya mata shi ne sunansa ya fito cikin waɗanda za a kira a tantance. Wannan wutsiyar ta faɗi a hanya. Ni kuma ban nemi ƙarin bayani ba, don abin da na ji ya yi mini daɗi yadda yake.

Ranar Juma'a ƙanena ya zo garin, yaron ma ya zo. Bayan an idar da salla, ana gaisawa, na ɗaga murya yadda na nesa zai ji, na ce a taya mu godiya, manya sun ɗauki nauyin karatun yaron nan baki ɗaya. Aka yi ta barka. Ƙanena ya yi dariya.

"Ashe bijimina ya huta ke nan?"

"Je ka yi hidimar gabanka, Alhaji," na ce. "Wannan karon ba mu dame ka ba."

Ya juya wurin yaron. "Haka ne, ɗana?"

Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "Haka Baba ya ce."

Na ji amsar da kunnena, na ɗauke ta a matsayin ladabi. Ƙanena ya sayar da bijiminsa ya zuba kuɗin a riɗi.

Aka yi tantancewar, yaron bai samu ba. Bai gaya wa kowa ba, har goggon tasa. Ya sayar da babur ɗinsa ya yi rajista. Da na ga yana zuwa gida a motar haya sai na ɗauka babur ɗin yana wurin makaniki. Ya lallaɓa ya gama shekarar aji, ya ci jarrabawa, saura bincike. Ya bi gonaki tun daga Fagam har Sundimina yana ɗibar ƙasa a leda, har da ta fadamata. Ina kallonsa daga nesa, na ce wa maƙwabcina, "Ka ga boko, mu muna neman hatsi, su suna tara turɓaya." Ban san kowace leda sai an kai ta ɗakin gwaji an biya kafin a faɗa masa abin da ke cikinta ba.

Daga baya na ji irin ƙofofin da ya ƙwanƙwasa. Banki ya ce sai mai albashin dindindin, ga kuma ruwa a kan kuɗin. Ƙungiyar taimakon juna ta malaman makarantarsu tana ba da rance ba ruwa, amma sai an kawo wani sananne ya tsaya wa mutum. Ƙanena zai tsaya masa ko cikin barci aka tashe shi. To amma zuwa wurinsa daidai yake da cewa uban da ya yi shela a masallaci bai faɗi gaskiya ba.

Sau ɗaya ya zo wurina da kansa. Ya durƙusa a bakin zaure, ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, bai tashi ba. Ban saba ganin haka ba, sai na tambaye shi:

"Mutanen naku suna dai biya a kan kari ko?"

Ya ce, "Ana nan ana fama, Baba."

"To madalla. Ka riƙa sa su a addu'a. Irinsu ba su da yawa."

Ya ce to, ya ɗauki takalmansa.

Shekaru suka wuce. Ya samu aikin dindindin, ya yi aure. Ni a wurina ya gama karatu tuntuni, ban dai ji an yi biki ba, na ce wataƙila digirin manya ba a yi masa biki. Ranar sunan ɗansa na biyu, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gidansa, na gabatar da shi ga wani baƙo, na ce ai digiri biyu gare shi. Ƙanena ya dafa gwiwata, ya ce in zo. Muka koma bayan katanga.

"Yaya, wane digiri biyu? Yaron nan bai gama ba. Ni ma bara na ji, a bakin abokin aikinsa. Ko sisi ba wanda ya ba shi."

Na ce, "Me ya hana shi faɗa?"

Ƙanena ya dube ni. "Wa zai faɗa wa? Kai da ba ka zama da shi, ko ni da ka sallama a gaban mutane?"

Ban iya cin abincin sunan ba. Bayan mako na koma Birnin Kudu ni kaɗai, na ce masa ya zauna, ba durƙuso ba, zama. Muka yi magana irin wadda ba mu taɓa yi ba. Na ce na ji a rediyo ana ba ɗalibai rance yanzu. Ya ce ya tambaya, an ce masa bai shafi masu digiri na biyu ba. Na ce to zan sayar da fadama. Ya yi murmushi, ya ce wa'adin da jami'a ke bayarwa ya ƙare, an cire sunansa, malamin da ke duba aikinsa ma ya yi ritaya. In zai koma sai dai daga farko, ga iyali.

"Ya wuce, Baba. Allah bai nufa ba."

Na ce, "Allah ya nufa, har ya turo mai bijimi. Ni na kore shi."

Bai musa ba. Na roƙe shi gafara, ya ce ba abin da na yi masa. Na san ladabi ne, wannan karon na gane shi.

Har yau yana koyarwa, yaransa na makaranta suna son sa. Bai koma ba, kuma ban ga alamar zai koma ba.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, musamman iyaye irina da ba mu yi nisa a boko ba: in aka ce an ba ɗanka tallafi, kira shi ka tambaye shi da bakinka, an ba shi ne ko ana dai dubawa, kyauta ce ko rance, ta isa ko da saura. Ka bari ya gama magana. Kada kuma ka mayar da hannun ɗan'uwa don a ce ka iya. Ni na yi, don Allah kada ku yi.