Guryar Inna Kulu

Da damanar nan kakata Inna Kulu ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Na zauna in rubuta mata yabo, sai na rasa ko yabon zan rubuta ko neman gafara.

Sana'arta gurzar auduga, ko kaɗa kamar yadda muke ce mata a Tambuwal. Takan ɗora audugar a kan magurji, wani dutse mai faɗi, ta murza ƙarfe a kai da tafin hannu, gurya ta riƙa fita gaba tana barin farin a baya. Ta ba ni labarin zamanin da aka buɗe fuloti, wato kasuwar auduga, ana saye ana lodawa a mota zuwa injin Gusau, daga baya a dawo wa manoma da irin shuka. Mata da yawa suka jingine magurjinsu. Ita ko ta ƙi. Ta ce audugar da ta gada wajen uwarta ta fi daɗin kaɗi, ba za ta bari injin ya cakuɗa mata da ta kowa ba.

Abin da ke ba ni haushi ina yaro shi ne rabon da take yi. Duk matar da ta leƙo gidanmu sai an damƙa mata gurya. Ana gobe za a kai ta asibiti ta miƙo min wani ɗan gora cike da iri ta ce, "Ɗana, kak ka bari irin ga shi mutu."

Ni kuma, malamin kwaleji guda, sai na juye shi a kwalba, na ɗaure baki, na kulle a kabad tare da takardun shaidata. Ko matata ban yarda ta taɓa ba. Shekara goma ina jin na riƙe amana. Bara ɗalibaina suka ce ba su taɓa ganin auduga a gona ba, sai na ɗauko kwalbar da alfahari muka shuka bayan aji. Muka yi ta jira. Ko ƙwara ɗaya ba ta tsiro ba.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Me za ta ce da ni? Me ma za ta ce da garin, inda zaren leda ya cika kasuwa, magurjinta kuma ya zama abin tokare ƙofar madafi?

Bayan girbi na je ta'aziyya wani ƙauye a hanyar Kebbe. Ina sauka daga babur na hango auduga ta fashe a bayan wani danga, doguwa irin ta Inna. Tsohuwar gidan ta ce wata mata ce ta ba ta irin a Tambuwal tun tana amarya. Na tambayi sunan matar.

"Wallahi na mance, ɗan nan. Wata baƙa mai faɗa."

Ita ce. Na rasa dariya zan yi ko me. Wadda ta manta sunanta ta raya mata iri, ni da nake ambatonta a kowace salla na kashe shi.

Na roƙi gurya. Tsohuwar ta cika min jaka da auduga yadda aka tsinko ta, ta ce, "Hannuna ya mutu. Kuna da magurji? To tahi ka gurza abinka."

Da damana ta matso na ɗauko dutsen daga bakin ƙofa na wanke, na nemo ƙarfen a ƙarƙashin gado. Kwana uku ina murƙushe iri, matata na dariya, don ban taɓa kula da yadda Inna take aza hannu ba. Jiya da hantsi ƙwara ta farko ta fita lafiya, ta gangara tabarma. Yanzu cikin tafina ya kusa cika, ga hadari ya fara haɗowa.

Har yau ban san ko ta yafe min ba. Na dai raba guryar kashi uku, biyu na maƙwabta ne.