Algaitar Balgeriya a Rumfar Gwadabe

Duk wanda ya ce muku Gwadabe mai gyaran keke mahaukaci ne, ku turo min shi. Shekara goma sha ɗaya keken ɗinkina yana jikin rumfarsa a Kabong, ni kaɗai ke da ikon kiransa haka, kuma na kira shi, a gaban idonsa, ba sau ɗaya ba.

Gwadabe ɗan Jos ne, gaba da baya. Ya bi ubansa haƙar kuza, ya yi shekara ashirin a rami, ya fito da abu biyu: tari, da ɗan abin da ya sayi sifana da famfo. Matarsa Tabawa mai masa ce, mace mai murya. In ta kira shi cin abinci daga cikin gida, har mu na bakin titi mukan tashi wanke hannu.

Masifar ta faro a 1976. An kira shi Vom gyaran kekunan masu kai madara, sai ya ji wani sauti daga bayan garke. Wani likitan shanu ne, Bature daga wata ƙasa wai ita Balgeriya, zaune kan bokiti yana busa wata baƙar aba mai maɓallan azurfa. Gwadabe ya tsaya da taya a hannu har aka tashi aiki.

"Tela," ya ce da ni washegari, "kuka take yi tana dariya a lokaci guda."

"To, algaita ce."

"Kilarinet! Ka sake ce mata algaita, ka nemi mai yi maka faci."

Likitan ya gaya masa irin tasu daban ce. Ta fi ta 'yan badujala tsawo, muryarta ta fi kauri, maɓallanta ma ba wuri ɗaya suke ba. Wani tsoho ke ƙera ta a garinsu. Shi kuma yana zuwa gida hutu sau ɗaya a shekara, in kuɗi sun cika zai taho da ita. Kafin nan ya kwantar da tasa kan takardar buhun siminti, ya zana masa ita da fensir, rami da rami.

Gwadabe ya kai wa Bot kafinta zanen. Bot ya sassaƙa masa ita da katako, toshe, ko ƙofar iska babu, ya buga mata marafan kwalba a matsayin maɓalli. Kowace Asabar Gwadabe ya hau keke zuwa Vom, likita ya nuna masa inda yatsu ke sauka. Sauran kwanaki yana rumfa, ido rufe, kumatu a kumbure, yana busa katako.

Kuɗin kuwa, a tsohuwar robar cikin taya yake zuba su, ya ɗaure bakinta ya rataye a rufin ɗaki kamar maciji. Ya bar goro. Ya bar tsire. Ya bar shiga mota, ko jana'iza ce a Bukuru. Kiɗan mutanen Balgeriya kuma ba ya tafiya daidai, kamar mai ɗingishi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shi kuwa da tafiyarsa yake koyonsa. Wata biyu mutane na yi masa sannu da ƙafa.

Abin da har yau ban gane ba shi ne mutanen unguwa. Da farko dariya suke zuwa yi. Daga baya suka fara zuwa da kujeru. Wallahi na ga Ana mai tumatir tana share hawaye, ta ce ya maimaita na jiya, ya fi daɗi. Na jiya! Katako fa! Har suna aka gayyace shi, wai shi kaɗai ne makaɗin da ba ya tada jariri.

Amma ni da Tabawa wani abu muke ji da su ba sa ji, wato tarin. Robar tana ƙara nauyi, ƙirjinsa yana ƙara tsukewa. Mutumin da ke cika taya da bugu goma ya koma hutawa sau biyu a tsakani.

Cikin 1977 Nnadozie mai kayan rediyo ya kawo masa wata kilarinet, ta wani ɗan badujala da ya bar aiki, a kuɗin da ke cikin robar a lokacin.

"Oga Gwadabe, ga shi nan, baƙi ne, dogo ne, yana kuka. Me kana so kuma?"

Gwadabe ya ɗora ta kan takardar siminti. Ta gaza da kusan faɗin tafin hannu. Ya miƙa masa abarsa.

"Malam," in ji Tabawa, "ka karɓi wannan tun kana da iskar busa ta."

"Ba ita na ji ba, Tabawa."

Ranar na zage shi tas, har da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ya bari na gama, ya ce in ɗinka wa kilarinet mai zuwa jaka, da auduga a ciki saboda sanyin Jos. Kuma na ɗinka, don ni ma ba hankali ne ya ishe ni ba.

Hutun likita na farko kuɗi ba su kai ba. Hutu na biyu tsohon ya ƙara farashi. Sai a 1979 likita ya tsaya da Landiroba a ƙofar rumfa, ya sauko da ɗan akwati. Kabong kaf ta fito. Gwadabe ya wanke hannu da sabulu, ya harhaɗa ta, ya ɗora yatsu, kowanne ya faɗa wurinsa kamar a nan aka haife shi. Ya ja numfashi, ya busa.

Fuu. Sai tari.

Ya sake. Fuu. Yatsu na gudu, sauti babu. Wani daga baya ya ce ai ta katakon ta fi ƙara. Gwadabe bai kula shi ba, ya jawo famfon keke ya haɗa da bakinta da roba, ya ce in buga. Na buga. Ta yi wani ƙara irin na agwagwar da aka taka, akuyar Ana ta amsa. Aka kwashe da dariya, sannan kowa ya ɗauki kujerarsa. Ni dai na koma bayan keken ɗinkina na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Washegari da safe na kai masa jakar har gida. Na tarar da shi zaune da abar a cinya, Tabawa na durƙushe tana hura wutar tanda. Ta ɗago, ta dube shi, ta goge hannu a zani.

"Kawo nan, Malam. Shekara talatin ina hura ɗanyen icce, wannan sandar ce za ta gagare ni?"

Sati biyu karnukan unguwa ba su huta ba. A na uku aka aiko in zo. Tana kan kujera 'yar tsuguno, kilarinet a bakinta, shi yana durƙushe a bayanta, hannuwansa sun zagayo ta suna kan maɓallai. In lokacin jan numfashi ya yi sai ya taɓa ta da haɓa a kafaɗa. Na sunkuyar da kai don kunya, sai sautin ya fito. Jama'a, gaskiya ya faɗa. Kuka take yi tana dariya. Masa ta ƙone a tanda, babu wanda ya motsa.

Wata bakwai suka yi a haka, kowace safiya, kafin tarin ya tafi da shi.

Tabawa ba ta taɓa koyon yatsu ba, busa kawai ta iya. Har yau in ta hura wuta takan ciro ta daga jakar da na ɗinka, ta zauna kan kujerar, ta busa sauti ɗaya, dogo, wanda ba ya hawa ba ya sauka. Na taɓa ce mata ai shekara uku ina kallon yatsunsa, ko in gwada kama mata maɓallan?

Ko juyowa ba ta yi ba.

"Tela, ɗauki masarka ka tafi. Wannan bayan nawa da mai shi."