Hannun Tagulla na Glenda

A garinmu Skelby, in ka ji an ce "mai baki", to Glenda Tordoff ake nufi. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, saboda haka babu ƙaton da ke garin nan, daga mahauci har ɗan sanda, da bai taɓa shan faɗanta a kan ya rage kabeji a faranti ba. Uwarta a masaƙar ulu ta tsufa, kuma Glenda ta gaji hannunta: hannu mai kauri, wanda zai ɗauki tukunya cike da miya daga wannan bango zuwa wancan ko ɗigo bai zuba ba. Da abu biyu take taƙama a duniya, wannan hannu da harshenta.

Shekarar da aka fara Bikin Tururi, cewa ta yi manya da gemunsu sun rasa aikin yi. Ina dalili a ce mutum ya yi shigar zamanin jirgin ƙasa mai kwal, ya kafa doguwar hula, ya ɗaura tabarau na tagulla a goshi, ya liƙa bututu da kayan cikin agogo a jiki, yana yawo a kasuwa? Sai dai kash, mijinta Wilf mai gyaran famfo ne, kuma mutumin da ya yi shekara arba'in yana lanƙwasa bututun jan ƙarfe ba ya jin kira in an zo nan. Shi ya ja ta, tana tafe tana mita, har suka faɗa rumfar karon shayi. Daga ranar ba a sake jin ta kushe bikin ba.

Karon ba shi da wuyar fahimta. Mutum biyu, tebur ɗaya, kowa da kofin shayi mai zafi da biskit guda. Alƙali ya ba da umarni a tsoma biskit a cikin shayi, ya ƙirga biyar, a ɗaga. Sai riƙo. Wanda ya fi daɗewa kafin ya kai biskit ɗinsa baki, bai ɓalle ya zube masa a cinya ba, shi ya ci. Kuma an yarda ka zolayi abokin karawarka iyakar iyawarka, ko dariya za ta girgiza masa hannu. To wa ya ga banza! Sau tara Glenda tana ɗaukar kofin gasar, sau tara kuma Beryl Ackroyd mai shagon furanni tana zuwa ta biyu. Tun suna 'yan aji ɗaya suke tare, kuma ba a taɓa jin ɗayarsu ta faɗa wa ɗaya magana mai daɗi ba. Ko ranar auren Glenda, Beryl ce ta riƙe mata riga, tana riƙe tana ce mata Wilf ya yi asara.

A hunturun da ya wuce ne hannun damanta ya fara rawa. Likita ya ce ba abin da zai kashe ta ba ne, amma kuma ba inda za shi. Glenda ta dawo gida ta sa Wilf ya yi mata alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba. Ba kofin gasar ne ya dame ta ba, tana da tara a kan kanta suna shan ƙura. Abin da take tsoro shi ne "sannu". Ta ga yadda aka yi wa maƙwabcinsu da ciwo ya kama shi: mutumin da ake tsokana kullum a mashaya, sai ga shi kowa na sassauta murya in zai yi masa magana, ana karkata kai, ana tambayarsa ya jiki. Ita kam ta gwammace a zage ta da a tausaya mata. Don haka ta daina zuba wa baƙi shayi, ta daina leƙa shagon Beryl ran Talata, wai gwiwa ce ke damunta.

Wilf ba mai yawan magana ba ne. Ya shige ɗakin aikinsa na bayan gida mako uku, ya fito da hannun tagulla tun daga kafaɗa har wuyan hannu, da 'yar fuskar agogo a gwiwar hannun, da wani ɗan bututu mai fesa hayaƙi. A ciki kuwa ya ɓoye ɗamara da dalma mai nauyi, yadda in ta ɗaura, hannun zai tsaya cak. Ta ce masa ai za a gane. Ya ce wa zai gane? A bikin nan kowa ya san ƙa'ida: bindiga ba ta harbi, fukafuki ba sa tashi, agogo ba ya tafiya. Kaya su yi kyau kawai, su yi kama da masu aiki. Ba wanda zai taɓa kawo wa ransa cewa wani ya ƙera abin da ke aiki da gaske.

Asabar ɗin bikin ta zo ba ruwan sama, abin da mu a Skelby muke ɗauka babbar kyauta. 'Yan badujala suka ja jerin gwano daga tsohuwar masaƙa zuwa dandali. Aka yi gasar gashin baki, mahauci ya ci, duk da kowa ya san rabinsa da gam aka liƙa. Aka yi tseren butocin shayi masu taya, butar Wilf ta bar hanya ta shige ƙarƙashin teburin mai soya nama, ya bi ta da rarrafe cikin doguwar kwat. Ko'ina Glenda ta gifta sai an tsayar da ita a yaba hannun. Clive mai kai wasiƙu, wanda shi ne alƙalin karon shayi, ya ƙwanƙwasa tagullar da yatsa ya tambaye ta aikin me wannan na'ura take yi. Ta dube shi ido cikin ido ta ce tana hana hannunta rawa. Rumfa ta kwashe da dariya, Clive ya ce nasa tabaran ma yana hango masa abin da zai faru gobe.

Ta kayar da mutum uku a jere. Hannun da Wilf ya ƙera bai ba da kunya ba, amma ita ko kusa ba ta ji daɗi ba, har zolayar ma ta kasa yi da zuciya ɗaya. Sai ga zagayen ƙarshe, sai ga Beryl ta ja kujera, cikin baƙin siket mai faɗi da hula mai gashin jimina, tana tambaya ko Wilf ya kwance famfon banɗakinsu ne ya ɗaura mata.

Glenda ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya sauka a kan hannun Beryl. Hannu ne tsirara, duk ƙaya ta karce shi, ya tsufa kamar nata. Sau tara wannan hannu yana faɗuwa a gabanta bisa gaskiya, kuma duk shekara sai ya dawo. Kunya ta kama ta. Za ta iya yi wa gari duka wayo, ban da wannan mata.

"Wilf," in ji ta, "zo ka kwance mini wannan abu."

Ya tambaye ta a hankali ko ta tabbata. Ta ce ya kwance kafin ta kwance masa kunne. Da tagullar ta fita, ta ɗora hannun a kan tebur, sai rawar hannun ta sa cokali ya fara ƙara a cikin farantin kofinta, kowa yana ji. Can baya wata ta ce, "Wayyo, baiwar Allah." Clive ya sunkuyo, ya karkata kai, ya ce mata cikin taushin murya ba dole sai ta yi ba, kowa zai fahimta. Ga shi nan, abin da ta yi wata shida tana gudu. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Beryl ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta gyara zaman hularta.

"Clive, me ake jira? Shayi na hucewa. Sau tara matar nan tana ci na. Yau ko da ƙafa za ta riƙe biskit ɗin, sai na kayar da ita." Ta juyo. "Ke kuma tsohuwa, ki karkata can, kada ki fesa mini a riga. Aro na yi."

"Ai da gani," in ji Glenda. "Mai rigar ta fi ki tsayi, ta fi ki kyau."

Aka tsoma, Clive ya ƙirga biyar, aka ɗaga. Biskit ɗin Glenda bai kai ko ƙirga uku ba ya ɓalle, ya yi sama, ya sauka daidai kan tabaran Clive, wanda ya ce yana hango gobe. Glenda ce ta fara fashewa da dariya, har da hawaye, sannan rumfar ta ɗauka. Beryl kuwa ta ci nata a tsanake, tana lumshe ido, ta tashi ta zagaya rumfar da kofin gasar sau biyu, ko kunya babu.

A bakin ƙofa ta tare Glenda, ta ce mata tun watan Fabrairu ta sani, ranar da ta gan ta tana fama da maɓallin kwat a tashar mota. Ta ɗauka ita makauniya ce? Jira kawai take a faɗa mata da baki, kamar mutum. Ta ce ƙaryar gwiwa ta ƙare, ran Talata ta zo shago, kuma Glenda ce za ta zuba shayin, ita ce kuma za ta goge tebur.

Glenda ta je. Ta ɗauki buta da hannun dama, rabi ya shiga kofi, rabi ya malale a faranti. Beryl ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce tun da take ba ta taɓa shan shayi marar daɗi irin wannan ba, sannan ta miƙo kofin a ƙara mata.