Takalmin Bappa Hammadu

Shekara goma ke nan da muka kai Bappa Hammadu makwancinsa. Ƙanin mahaifina ne, tela a Limawa, kuma duk Jimeta an san shi da taurin kai.

A zamanin samartakarsa, idan hakimi zai wuce, dole talaka ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Bappa ya ƙi. A tsaye ya gaishe shi, takalmi a ƙafa. Ya sha bulala, ya kwana gidan yari, ya fito ya sake. Abin da ake kira tsattsauran ra'ayi ke nan a lokacin, shi kuwa har alfahari yake yi da sunan. Ni dai na taso ina jin haushinsa, domin saboda halin nan babu wanda ya samu aikin gwamnati a gidanmu.

Da rikici ya koro mutanen Mubi, zaurensa ya cika da 'yan gudun hijira, Musulmi da Kirista. Ranar da ya ji rediyo na kiran maharan masu tsattsauran ra'ayi, kashe ta ya yi. Ya ce mini, "Mu cewa muka yi kowa ya miƙe. Waɗannan kuwa da bindiga suke durƙusar da mutane." Bai daɗe ba bayan nan ya rasu.

Makon jiya muka taru yi masa addu'a. Ɗansa Umaru ya gayyato wani ɗan majalisa, don shi Umarun yaronsa ya gama digiri yana zaman banza, gidan kuma da ƙyar ake ɗora tukunya. Motar ɗan majalisar na tsayawa a ƙofar gida, Umaru ya zare takalmi ya zube ƙasa yana "ranka ya daɗe". Muka bi shi duuu. Wallahi ban ga laifinsa ba, amma zuciyata ta yi baƙi. Da Bappa na nan, zagin mu zai yi ko kuka? Ban sani ba.

Mutum ɗaya ne ya rage a tsaye: Baba Yohanna, tsohon abokinsa daga Numan, wanda suka kwana gidan yarin tare. Wani ɗan rakiya ya harare shi. Tsohon ya dogara sandarsa ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Ƙofar Hammadu ce."

Allah Ya jiƙan Bappa. An yi wa yaron alkawarin aikin, amma har muka watse Umaru bai iya kallon Baba Yohanna ba.